Daga Ɗakin Otel Zuwa Rumfar Zaɓe: Tarihin Fid da Gwanin Shugaban Ƙasa a Amurka

A ƙarshen watan Agustan 1968 jam'iyyar Democrat ta Amurka ta taru a birnin Chicago don tsayar da wanda zai yi mata takarar shugaban ƙasa. A cikin zaure wakilai na ta jifan juna da baƙaƙen maganganu. A waje kuma 'yan sandan magajin gari Richard Daley na lakaɗa wa matasa masu adawa da yaƙin Biyetnam duka da kulake, barkonon tsohuwa ya turnuƙe tituna, gidajen talabijin na haska wa duniya abin da ke faruwa. Da ƙura ta lafa, wanda aka miƙa wa tuta shi ne mataimakin shugaban ƙasa Hubert Humphrey, mutumin da bai shiga zaɓen fid da gwani ko a jiha ɗaya ba a shekarar. Kuma bai karya wata doka ba, domin a lokacin mafi yawan daliget a hannun gwamnoni, masu unguwannin jam'iyya da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago suke.

Tsarin da duniya ke kallo a yau, inda 'yan takara ke bin jihohi ɗaya bayan ɗaya daga Janairu zuwa Yuni, daga wannan rikici ya samo asali. Amma taƙaddamar wa ke da ikon tsayar da ɗan takara ta girmi 1968 da fiye da ƙarni ɗaya da rabi, kuma duk wani gyara da aka taɓa yi, waɗanda aka cuta ne suka ƙwato shi da ƙarfin tsiya.

Zamanin manya

Kundin tsarin mulkin Amurka da aka rubuta a 1787 bai ambaci jam'iyya ba, balle yadda za ta fid da gwani. Da jam'iyyu suka kafu a zamanin mulkin George Washington, sai 'yan majalisar tarayya na kowace jam'iyya suka riƙa kulle ƙofa su zaɓi ɗan takara a tsakaninsu, zaman da ake kira kokas. Masu sukar wannan al'ada suka yi mata laƙabi da Sarki Kokas, don sun ga ta fi kama da naɗin sarauta. Ajalinta ya zo a 1824. 'Yan majalisa 66 kacal, cikin fiye da 200, suka halarci zaman, suka tsayar da sakataren baitulmali William Crawford, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun shekarar da ta gabata. Jihohi suka yi kunnen uwar shegu da zaɓin, kowa ya fito da nasa, Crawford ya zo na uku.

Daga nan aka koma babban taron ƙasa. Wata ƙaramar jam'iyya mai adawa da ƙungiyar asiri ta Freemason ce ta fara yin sa a Baltimore a 1831, sauran suka bi sahu. Taron ya buɗe ƙofa ga wakilai daga kowace jiha, sai dai su wakilan iyayen gidan siyasa ne ke zaɓo su, su biya musu kuɗin jirgin ƙasa da masauki, su kuma gaya musu inda za su jefa ƙuri'a.

A farkon ƙarni na 20 aka samu masu rajin kawo gyara, irin su gwamnan Wisconsin Robert La Follette, suka dage cewa talakan jam'iyya ne ya kamata ya zaɓi ɗan takara da hannunsa. A 1910 jihar Oregon ta kafa dokar da ta ba masu zaɓe damar faɗin wanda suke so ya yi takarar shugaban ƙasa kai tsaye. Gwajin farko ya zo a 1912, lokacin da tsohon shugaba Theodore Roosevelt ya ƙalubalanci magajinsa William Taft a jam'iyyar Republican. Roosevelt ya lashe jihohi 9 cikin 'yan tsirarun da suka yi zaɓen, har da Ohio, mahaifar Taft. Amma kwamitin uwar jam'iyya na hannun Taft, kuma shi ne ya yanke hukunci a kan kujerun daliget da ake jayayya a kansu, ya miƙa kusan dukkansu ga shugaba mai ci. Roosevelt ya yi fushi ya kafa tasa jam'iyyar, ƙuri'un Republican suka rabu biyu, Woodrow Wilson na Democrat ya haye.

Bayan haka zaɓen fid da gwani ya zama ado kawai. A 1920 wakilan Republican suka kasa daidaitawa a Chicago, wasu manyan sanatoci suka kwana suna shawara da zuƙar sigari a wani ɗaki na otel ɗin Blackstone, washegari Warren Harding ya samu tuta a zagaye na 10. Shekara huɗu bayan nan 'yan Democrat suka shafe fiye da mako biyu a New York suna jefa ƙuri'a har sau 103, saboda dokarsu ta ce sai ɗan takara ya samu kashi biyu bisa uku na wakilai, ga kuma rabuwar kai a kan haramcin giya da ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan. A 1952 Sanata Estes Kefauver ya kayar da shugaba Harry Truman a New Hampshire, ya ci gaba ya lashe jihohi 12, amma manya suka ba gwamnan Illinois Adlai Stevenson takara, alhali bai nemi ƙuri'ar kowa a zaɓukan ba. Amfanin zaɓen a wancan zamani shi ne nuna wa manya cewa mutum na da jama'a. Abin da John Kennedy ya yi ke nan a 1960: ya ci West Virginia, jihar da kusan kowa Furotesta ne, don ya tabbatar musu cewa ɗan Katolika zai iya cin zaɓe.

Waɗanda aka bari a waje

A jihohin kudu, zaɓen fid da gwani da kansa ya zama makamin zalunci. Jam'iyyar Democrat ce kaɗai ke cin zaɓe a can, saboda haka duk wanda ya samu tutarta ya riga ya ci. Sai jam'iyyar ta ce ita ƙungiya ce mai zaman kanta, fararen fata kaɗai take karɓa. Da wannan dabara aka raba baƙar fata da zaɓen da ke da ma'ana ba tare da an fito fili an saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Wani likitan haƙori baƙar fata a Houston ta jihar Texas, Lonnie Smith, ya kai ƙara bayan an hana shi ƙuri'a a 1940. Lauya Thurgood Marshall ya tsaya masa, a 1944 Kotun Ƙoli ta haramta al'adar.

Hukuncin kotu bai kawo ƙarshen wariya ba. A 1964 baƙar fatar Mississippi suka haɗa tasu tawagar suka tafi babban taron jam'iyya a Atlantic City, suna neman a ba su kujerun da tawagar fararen fata zalla ta mamaye. Wata 'yar ƙodagon gonar auduga, Fannie Lou Hamer, ta zauna gaban kwamitin tantance wakilai ta ba da labarin yadda aka kore ta daga gonar da take aiki don ta je yin rajistar zaɓe, da irin dukan da aka yi mata a gidan yari. Shugaba Lyndon Johnson ya kira taron manema labarai na gaggawa don ya janye kyamarori daga kanta, amma da dare gidajen talabijin suka watsa jawabin nata. Aka yi musu tayin kujeru biyu, suka ƙi karɓa.

Saboda haka, da 1968 ta zo, tura ta riga ta kai bango. A watan Maris Sanata Eugene McCarthy mai adawa da yaƙi ya samu kashi 42 cikin ɗari a New Hampshire, kafin ƙarshen watan Johnson ya janye. A watan Yuni aka harbe ɗan takara Robert Kennedy a Los Angeles a daren da ya lashe California. Miliyoyin da suka zaɓi masu adawa da yaƙi suna ji suna gani aka ba Humphrey takara, ya kuma sha kaye a hannun Richard Nixon.

Jam'iyyar Democrat ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sanata George McGovern, daga baya Donald Fraser ya gaje shi. Kwamitin ya wajabta a zaɓi daliget a fili, a cikin shekarar zaɓe, da sanarwar lokaci da wuri, a kuma dama da mata, matasa da baƙar fata. Jihohi da yawa suka ga hanya mafi sauƙi ta cika sharuɗɗan ita ce gwamnati ta shirya zaɓe na akwati, kuma dokokin da suka kafa suka haɗa har da Republican. Jihohin da ke yin irin wannan zaɓe ba su kai 20 ba a 1968. Zuwa 1980 sun haura 30.

Yadda abin yake gudana

Har gobe, mai jefa ƙuri'a a zaɓen fid da gwani daliget yake zaɓa, su kuma su je babban taro su tabbatar da ɗan takara. Bambancin shi ne yanzu an ɗaure yawancinsu da sakamakon jiharsu. A 2024, alal misali, ɗan takarar Republican na bukatar 1,215 daga cikin 2,429.

Hanya biyu ake bi. Ta farko zaɓe ne irin wanda kowa ya sani: a buɗe rumfa tun safe, mutum ya kaɗa ƙuri'arsa a asirce ya kama gabansa. Ta biyu ita ce kokas, taron 'yan jam'iyya na unguwa, wanda jam'iyyar ce ke shirya shi da kuɗinta. Iowa ce ta yi suna da shi. Zamanta ta farko ma ba da wata manufa aka tsara shi ba: tarukanta hawa huɗu ne, daga unguwa zuwa gunduma zuwa mazaɓa zuwa jiha, sababbin dokoki kuma sun ce a ba da sanarwa kafin kowane mataki, da aka yi lissafi baya sai taron farko ya faɗo a watan Janairun 1972. A 1976 wani manomin gyaɗa, tsohon gwamnan Georgia Jimmy Carter, wanda kusan ba a san shi ba, ya tare a jihar yana kwana a gidajen magoya baya. Ya samu kusan kashi 28 cikin ɗari, ƙasa ma da waɗanda suka ce ba su tsai da kowa ba, amma ya fi sauran 'yan takara. Jaridu suka ɗauke shi, bayan shekara guda yana Fadar White House. New Hampshire kuwa ta kafa doka cewa zaɓenta zai riga na kowace jiha da aƙalla mako guda.

Kokas na 'yan Democrat a Iowa, kamar yadda aka yi shi har zuwa 2020, abin kallo ne. Da ƙarfe 7 na dare, cikin tsananin hunturu, maƙwabta za su taru a wurare kusan 1,700: zauren makaranta, coci, ɗakin karatu, wani lokaci ma falon wani. Magoya bayan kowane ɗan takara su ware kusurwa guda su tsaya, a ƙirga su. Duk ɓangaren da bai kai kashi 15 cikin ɗari na mahalarta ba ya rushe, sai 'yan sauran kusurwoyi su yi ca a kansu, wannan na jan hannun maƙwabcinsa, wancan na roƙon tsohuwar malamarsa ta dawo wajensu. A sake ƙirgawa, a raba wakilai. Idan aka yi kunnen doki a kan kujera, a jefa kwabo sama. Wanda ya ga ƙato-bayan-ƙato a Najeriya a zamanin SDP da NRC zai gane yanayin: kowa na kallon inda kowa ya tsaya, har maigidanka a wurin aiki. 'Yan Republican a nasu taron jawabai ake yi, sannan kowa ya rubuta sunan gwaninsa a takarda.

Rabon daliget ma ya bambanta. Democrat na raba su gwargwadon ƙuri'a ga duk wanda ya kai kashi 15 cikin ɗari, tsarin da matsin lambar Jesse Jackson a shekarun 1980 ya taimaka wajen tabbatarwa. Republican kuwa ta bar wasu jihohi su ba wanda ya zo na ɗaya komai. A 2016 Donald Trump ya samu kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙuri'un South Carolina, ya kwashe daliget 50 gaba ɗaya. A Florida bai kai rabi ba, ya ɗauke 99.

Manyan Democrat ba su daɗe ba suka yi da-na-sani. McGovern, wanda ya jagoranci gyaran, shi ya fara cin moriyarsa a 1972, ya kuma faɗi a jihohi 49 cikin 50. A 1982 wani kwamiti ƙarƙashin gwamnan North Carolina Jim Hunt ya ware kujeru ga gwamnoni, 'yan majalisa da jami'an jam'iyya, waɗanda ba zaɓe ya kawo su ba, kuma ba a ɗaure su da kowa ba. A 2016 sun haura 700, ɗaruruwansu sun bayyana goyon baya ga Hillary Clinton tun kafin a kaɗa ƙuri'a ko ɗaya. Clinton ta fi Bernie Sanders ƙuri'un talakawa da miliyoyi, amma ƙorafin magoya bayansa ya sa a 2018 aka hana waɗannan manya yanke hukunci a zagayen farko.

Ina adalcin yake?

Masu kare tsarin na da hujja mai ƙarfi. Farawa da ƙananan jihohi na ba wanda ba shi da kuɗi ko suna damar shiga gida-gida ya gabatar da kansa. Ba don haka ba, da wuya a ji sunan Carter. A ranar 3 ga Janairun 2008 Barack Obama ya lashe Iowa, jihar da kusan kashi 90 cikin ɗari fararen fata ne, wannan ya sa baƙar fata da dama da ke shakkar ko zai kai labari suka dawo bayansa. Trump ma a 2016 ya karɓe tuta duk da ƙin jininsa da manyan jam'iyya suka yi. Kuɗi kaɗai kuma ba ya saye: attajiri Michael Bloomberg ya kashe kusan dala biliyan 1 a 2020, yankin Samoa ta Amurka kaɗai ya ci.

Amma ƙorafe-ƙorafen sun fi haka nauyi. Na farko shi ne jadawali. Iowa na da mutum miliyan 3 da 'yan kai, New Hampshire ba ta kai miliyan 1 da rabi ba, dukkansu kuma ba su yi kama da sauran ƙasar ba ta fuskar launin fata da manyan birane. Duk da haka su suka shafe kusan shekara 50 suna tankaɗe 'yan takara. Wanda ya faɗi a can masu ba da kuɗi su gudu, ya janye, kafin zaɓe ya iso jihohin da ke ƙarshen layi an gama magana. Har manufofin gwamnati abin ya shafa: da wuya ɗan takara ya soki tallafin man ethanol da ake yi da masara, don ita ce arzikin manoman Iowa.

Na biyu, kokas na tace mutane tun daga ƙofa. Ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, uwar da ba ta da mai riƙe mata yara, tsoho mai ciwon ƙafa, sojan da ke wata ƙasa, duk da wuya su iya ba da awa biyu a daren da aka sa. A 2016 waɗanda suka fito a Iowa ba su kai kashi 20 cikin ɗari na masu ikon zaɓe ba, alhali a New Hampshire mai akwati fiye da rabi sun fito. Ga kuma matsalar ƙirga. A 2012 Republican ta ce Mitt Romney ya ci Iowa da ƙuri'a 8, bayan mako biyu ta dawo ta ce Rick Santorum ne da ƙuri'a 34, lokacin an riga an wuce New Hampshire. A 2020 manhajar wayar da Democrat ta tanada don tattara sakamako ta ƙi aiki, aka kwashe kwanaki ba a san wanda ya ci ba, shugaban jam'iyyar na jihar ya yi murabus. Tun kafin nan jihohi irin su Colorado, Minnesota da Maine sun riga sun yi watsi da kokas sun koma akwati.

Na uku, kowace jiha da tata dokar. A wasu wurare kowa na iya shiga zaɓen jam'iyyar da ya ga dama. A wasu sai mai rajista da ita. A New York, wanda ke son sauya rajistarsa don zaɓen Afrilun 2016 sai ya yi hakan tun Oktoban 2015. Mutanen Puerto Rico da Guam kuma suna zaɓen fid da gwani, amma ba su da ƙuri'a a babban zaɓen Nuwamba.

Sama da duka, wuƙa da nama na hannun jam'iyya. A 1981 Kotun Ƙoli ta yanke cewa jihar Wisconsin ba ta da ikon tilasta wa uwar jam'iyyar Democrat karɓar wakilan da aka zaɓa saɓanin dokokinta. A kakar zaɓen 2008 jam'iyyar ta soke daliget ɗin Florida da Michigan don sun matso da ranar zaɓensu gaba, sai daga baya aka mayar musu. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa, na biyar a New Hampshire a 2020, baƙar fatar South Carolina suka farfaɗo da shi. Da ya hau mulki sai ya sa aka mayar da South Carolina ta farko a jadawalin 2024. A Michigan a shekarar, fiye da mutum 100,000 suka kaɗa ƙuri'ar ba-mu-tsai-da-kowa-ba don nuna fushi kan yaƙin Gaza, cikinsu har da Larabawa da Musulmin Dearborn, amma da wakilansu suka nemi a bar Bafalasɗine ɗan Amurka ya yi jawabi a babban taro, aka hana. Tun kafin taron, a ranar 21 ga Yuli Biden ya janye bayan ya tara ƙuri'u fiye da miliyan 14, daliget suka tsayar da Kamala Harris ta intanet ba tare da an koma wajen masu zaɓe ba.

Najeriya, wadda ta ari tsarin shugaba mai cikakken iko daga Amurka a 1979, ta gaji wannan gardama. A Disambar 2021 shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu a kan ƙudurin da ya wajabta 'yar tinƙe, sai da majalisa ta bar wa jam'iyyu zaɓi tsakanin 'yar tinƙe, daliget da masalaha sannan ya amince a Fabrairun 2022.

Idan aka auna da zaman 'yan majalisa 66 na 1824 ko zaɓen fararen fata zalla na Texas, tsarin Amurka na yau ya fi adalci nesa ba kusa ba, domin gomman miliyoyin mutane ne ke da ta cewa. Idan kuma ma'aunin shi ne ƙuri'ar kowa ta yi nauyi ɗaya, har yanzu da sauran aiki: mazaunin jihar farko ya fi na jihar ƙarshe tasiri, mai lokaci ya fi mai aikin dare, ɗan jam'iyya ya fi wanda ba shi da kati. Babu wata dokar tarayya da ta tsara jihar da za ta fara ko yadda za a raba daliget. Majalisun jihohi da kwamitocin jam'iyyun biyu ne ke sake zana waɗannan ƙa'idoji duk bayan shekara huɗu, sau da yawa da idon wanda ke riƙe da jam'iyyar a lokacin.